Lamba Bakwai a Wayar Tanimu

Ku zauna. Na ce ku zauna, ba na son jin bakin kowa. Ke Kande, ajiye kwanon nan, tuwon ba guduwa zai yi ba. Ni fa yau raina a ɓace yake, kuma ku kuka ɓata shi. Da idona na gan ku da la'asar a bakin kanti, kun zagaye Tanimu mai gyaran sola, kuna tafi kuna ce masa bebe. Marasa kunya kawai. Da kun san abin da ya rufe bakin mutumin nan, da ko inuwarsa ba za ku taka ba. Ku matso. Sau ɗaya zan faɗa.

Tanimu ba bebe ba ne. A da duk Tungar Maje babu mai baki irin nasa. Ba ya bari ka dire zance. Kana buɗe baki zai ce, "Ai na sani," ya haye kan maganarka ya zauna daram. Ga zuciya, abu kaɗan ya hau sama. Gwaggo Lantana, ƙanwar mahaifinsa, ita ta raine shi tun yana rarrafe, kuma tun lokacin take ce masa, "Tanimu, yi shiru ka ji." Bai taɓa ji ba.

Amma hannunsa na da albarka, wannan kam ba a musu. Ya je birni ya koyi aikin lantarki, ya dawo ya tarar da manoman rani suna abin da suka saba a fadama. Inji ɗaya, tiyo ɗaya, kowa na rantsuwa layinsa ne. Sai ya ce musu shi zai kashe rigimar. Ya kafa famfon sola, ya ja bututu ya ratsa gonaki shida. Kowace gona ya sa mata bawul da ɗan akwati. A cikin akwatin akwai 'yar na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba ta fi gidan ashana ba. Tana jin danshin ƙasa, tana buɗe ruwa, tana rufewa. A rumfar famfo kuma ya ajiye babban akwati, ya sa masa suna Uwa.

To dukansu da igiyar waya ɗaya ya jona su, a kanta suke magana. Ɗaya tal. Kamar mutum bakwai ne a ɗaki mai duhu: duk wanda ya yi magana kowa zai ji, amma in biyu suka yi tare ba wanda zai fahimci komai. Saboda haka Uwa ce ke kira. Ta ce, "Ɗaya?" Ɗaya ya faɗi halin gonarsa, ya yi shiru. Ta ce, "Biyu?" Haka har ƙarshe, ta sake dawowa farko.

Gona ta shida ta Gwaggo Lantana ce. Can kan tudu take, inda tiyo bai taɓa kaiwa ba, shi ya sa ba ta taɓa noman rani a wurin ba. Tanimu ya daki ƙirji ya ce, "Gwaggo, bana ki dasa albasa a tudun nan. Maganar ruwa ki bar ta a wuyana." Tsohuwa ta yarda da ɗanta. Duk irin da ta raina da hannunta, ta kwashe ta dasa a can, ko tushe ɗaya ba ta rage a ƙasa ba.

Yanzu ku ji inda ya yi ɓarnar.

Da ya gama jona akwati na shida, waya ta yi saura. Ƙa'idar aikin ita ce a yanke, a toshe bakin wayar da ɗan rasista, wani ƙanƙanin abu kamar ƙwayar shinkafa. In ba a toshe ba, magana kan je ƙarshe ta dawo kamar amsa-kuwa, ta dagula ta bayanta. Tanimu ya san wannan sarai. Amma idonsa na kan gona ta bakwai da yake so ya ƙara baɗi, ya ga asara ce ya yanke waya mai kyau. Sai ya naɗe ta, ya waiga neman inda awaki ba za su tauna ba. A gefen gonar akwai wani tsohon suri, ya fi mutum tsawo, wanda ko masu neman gara ba sa taɓa shi. Ya cusa bakin wayar tsirara cikin raminsa, ya kaɗe hannu. Ya koma rumfa ya sa wa Uwa lamba bakwai cikin waɗanda za ta riƙa kira, wai don kada ya sake wahala daga baya.

Kun gane? Dare da rana, ba hutu, ana ƙwala kira cikin ramin surin nan. "Bakwai? Bakwai?"

Da farko komai lafiya. Sai abu ya fara rikicewa. Uwa ta ce wa biyar ya rufe, biyar ya buɗe. Ta ce wa shida ya buɗe, uku ya amsa. Tumatirin Sarkin Noma Jatau ya kwana cikin ruwa har wuya. Tudun Gwaggo kuwa ko ɗigo.

Sarkin Noma ya zo rumfa, wandonsa duk laka. Ya ce, "Malam Tanimu, gonata ta zama tafki, kuma..."

"Ai na sani, Baba, ƙaramin abu ne, yanzu..."

"Bar ni in ƙarasa." Dattijon ya buga sanda a ƙasa. "Ba ka da aiki sai katse mutane. In Juma'a ta zo abin nan bai daidaita ba, za mu tumɓuke wayarka mu koma tiyonmu. Na gama."

Tiyon da ba ya kai tudu. Tanimu ya san abin da hakan ke nufi, kuma abin ya ci masa rai.

Gwaggo ita ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta shigo rumfar a hankali, ta ɗora masa ganyen albasa guda a kan kwamfutarsa. Ya yi laushi, bakinsa ya koma ruwan ɗorawa. Ta ce, "Ga ruwanka, Tanimu." Ta juya ta tafi.

Ya zauna yana huci. Ya zagi waya, ya zagi wanda ya sayar masa da ita, ya zagi zafin rana. Kansa ne kawai bai zaga ba. Daga baya ya nutsu ya kama aiki, don ya san akwai inda ya yi gaggawa. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule cikin waya. Gutsure-gutsure yake bi, ɗaya bayan ɗaya, kamar tururuwa a layi. In gutsure ɗaya ya ɓace ko ya sauya a hanya, shi ke nan, mai karɓa zai aikata abin da ba a ce ba. Shi kuwa ya bar akwatunansa suna gaskata duk abin da ya faɗo kunnensu.

Sai ya kafa musu doka mai tsauri. Kowane saƙo ya fara da alamar buɗewa, ya kira ta sallama. Sai lambar wanda ake nufi. Sai a faɗi tsawon maganar, don a san inda za ta tsaya. Sai maganar kanta. A wutsiya kuma hatimi: a haɗa lissafin duk abin da aka faɗa a liƙa. Mai karɓa ya sake nasa lissafin. In bai zo ɗaya ba, ya zubar da saƙon, kada ya taɓa bawul. In ya zo ɗaya, ya ce, "Na ji." In Uwa ba ta ji wannan "na ji" ba, ta maimaita. Tsakanin magana da magana a bar ɗan shiru. Babbar dokar kuma ya ƙara ɗaure ta tamau: ba mai buɗe baki sai an kira lambarsa.

Ya kunna. Ɗaya ya ce na ji. Biyu ya ce na ji. Har biyar, tsaf. Ruwan Sarkin Noma ya tsaya.

Shida fa?

Duk sanda shida ya buɗe baki, sai wani abu ya hau kan maganarsa. Allon kwamfuta ya cika da tarkace, hatimi ya ƙi dacewa, Uwa ta zubar. Ta sake kira, a sake hawa. Bawul ɗin Gwaggo na nan a rufe. Tanimu ya lura da wani abu kuma. In Uwa ta ce "Bakwai?", ba shiru ke biyo baya ba. Wani tarkacen ne ke zuwa, ita kuma tana zubarwa.

Ya ce amsa-kuwa ce. Ya ci gaba da kallo.

Ranar Alhamis, rana ta yi sanyi, sai tarkacen ya daina zuwa. Uwa ta ce, "Bakwai?" Wani layi ya fito a allo, tas da shi. Sallama daidai. Lamba daidai. Tsawo daidai. Tanimu ya lissafa hatimin da kansa, ya sake lissafawa. Daidai. Abin da ke cikin saƙon kuwa shi ne abin da akwati ke faɗa in ƙasarsa ta bushe ƙurmus. Ƙishi.

Amsa-kuwa ba ta iya lissafi. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Tanimu kuwa zuciya ce ta ɗebe shi. Ya ce wani ɗan baƙin ciki ne ya jona nasa akwatin a ɓoye don ya kunyata shi gobe. Ya zari filaya da tocila, ya rataya gorar ruwa, ya fita kamar zai tashi sama.

A hanya ya ci karo da Gwaggo tana dawowa daga tudu da tulu a kai. Da tulu take ta jido tana yayyafa wa abin da ya saura, tsohuwa da ita. Ta ce, "Ina za ka da almurun nan? Ba a zuwa wajen surin can rana na faɗuwa. In kuma dole ne, to in ka isa ka yi..."

"Ai na sani, Gwaggo."

Ya wuce. Bai san me za ta ce ba, kuma har yau bai sani ba.

Ya bi bututu. Ya wuce gona ta uku, ta huɗu. Kwaɗi na ta kuka a fadama, kamar kullum. Ya wuce ta biyar. Yana taka tudu, kukan ya ɗauke. Ba raguwa ya yi ba. Ɗaukewa ya yi, kamar an rufe ƙofa.

Maƙogwaronsa ya bushe. Ya ɗago gora zai kurɓa. Babu komai a ciki. Shi da ya cika ta da hannunsa.

A gindin surin akwai mutum zaune. Tsoho ne, da malfa, ya sunkuyar da kai. Bakin wayar na hannunsa, ya riƙe da yatsa biyu.

Tanimu ya ce, "Kai ne ko? Kai ne munafukin da ke shiga min layi? Wa ya aiko ka?"

Tsohon ya ɗago. Bakinsa ya motsa, ya rufe. Sai bayan ya rufe muryar ta iso. Kuma ba daga bakin ta fito ba. Daga wayar ta fito.

"Ba sallama."

"Sallamar me? Ina akwatin da ka..."

Tsohon ya yi magana a daidai lokacin. Muryoyin biyu suka haɗu, suka zama wani irin ƙara, kamar rediyo ya ɓata tasha. Kunnen Tanimu ya yi zafi. Ya ji ɗanɗanon batir a harshensa. Ya sake yunƙurin magana, aka sake haɗuwa. Tocila ta suɓuce, haskenta ya faɗa kan ƙafafun tsohon.

Ba kofato ba ne, kada ku ce na ce. Ƙafafu ne na jar ƙasa, irin ta surin. Duk sun tsattsage. Gara na shiga tsagar tana fita, a layi, ba ta ko gaggawa.

Tanimu ya fara a'uziyya. Tsohon ya jira shi har ya kai ƙarshe.

"Karanta. Ni ma na iya. Ban zo gidanka ba. Kai ka zo nawa."

A karo na farko a rayuwarsa, Tanimu ya yi shiru ya ji.

"Ka zura igiyarka a ƙofata. Ba izini. Ka sa a yi ta kira na. Rana kira. Dare kira. Iyalina ba barci." Muryar ba ta ɗagu ba, amma ƙasa na rawa da ita. Fushi ne irin na wanda ya daɗe yana haɗiyewa. "Na amsa. Ka zubar da maganata. Na sake amsawa. Ka zubar. Na ce to, wataƙila yarena ne bai yi maka ba. Na zauna, da tsufana, na koyi naka. Sallamarka. Lissafinka. Na faɗa maka abu ɗaya. Me na ce?"

Tanimu ya jira ya tabbata an gama. Ya ce, "Ƙishi, Baba."

"Ka ja ruwa ya wuce ta bakin ƙofata. Maƙwabci bai samu ko kurɓi ba. Sai ka zo min da filaya."

"Ban sani ba, Baba."

"Kai da ka san komai?"

Tanimu ya sunkuyar da kai. Daga inda yake yana hango albasar Gwaggo, ta kwanta layi-layi. Ya ce, "Laifina ne. Tsohuwar nan ba ruwanta. In ruwa bai hau yau ba, gobe za a cire waya, amfaninta ya mutu. Ka bar na shida ya yi magana."

"Cire igiyarka. Toshe bakinta. Daina kiran bakwai. Ka bar ɗigo a gindin nan, haƙƙin maƙwabtaka."

"Zan yi. Yanzu ma."

"Wannan gyara ne. Saura barcin da ka hana ni."

Tanimu ya jira hukunci. Gara na ta shiga tana fita.

"Dokar da ka ɗaura wa 'ya'yanka ta yi kyau. Na yaba. Amma kai ba ka bin ta. Ɗauke ta ka sa a bakinka. Ba za ka yi magana ba sai an kira sunanka. In ka faɗi abin da aka tambaye ka, ka yi shiru. Ko wannan, ko ka ɗauki tocilarka ka tafi da bakinka. Ba zan taɓa ka ba. Ruwa dai ba zai hau tudun nan ba."

Ku duba fa, an ba shi zaɓi. Ba wanda ya tare masa hanya. Zuciyarsa ta taso. Shi Tanimu, a ɗaure masa baki saboda albasa? Har ya miƙa hannu ga tocila. Sai idonsa ya faɗa kan sawun Gwaggo a cikin ƙura, na zuwa da na komawa, na zuwa da na komawa, da 'yan wuraren da ruwan tulunta ya ɗiga ya bushe. Matar da ta goya shi. Shi ya ce mata ta bar maganar ruwa a wuyansa.

Ya janye hannu. Ya ce, "Na ji."

Tsohon ya saki wayar. Da Tanimu ya ɗaga kai, suri ne kawai a gabansa.

Ya yanke sauran wayar, ya laluba aljihu ya samo rasista, ya toshe bakin, ya naɗe da salatif. Ya huda bututu ƙanƙanin huji, ya karkata shi gindin surin. Ya koma rumfa da gudu, ya share bakwai daga kan Uwa. Uwa ta ce, "Shida?" Allo ya nuna, "Na ji." Daga can nesa ya ji bawul ya yi ƙas, bututu ya fara gurnani. Kwaɗi suka dawo da kukansu. Da ya ɗauki gorarsa, a cike take, da wani ruwa mai sanyi kamar na sabuwar randa.

Ya nufi gida, murna fal cikinsa, zai yi wa Gwaggo albishir. Ya isa ƙofar zaure ya buɗe baki zai yi sallama.

Babu.

Iska ce kawai ta fito. Ya sake. Babu. Ya tsaya a nan, ƙato da shi, hawaye na bin fuskarsa, ya kasa shiga gidan da ya girma a ciki ba sallama. Sai da Gwaggo ta leƙo da fitila ta ga mutum a tsaye. Ta ce, "Tanimu?"

Nan take bakin ya buɗe. "Na'am, Gwaggo. Ruwa ya hau." Ya sake rufewa.

Albasa ta yi, har maƙwabta na zuwa kallo. Wayar nan tana aiki har gobe, ba ta sake kuskure ba. Amma ni abin da ke ƙona min rai, ku je gidan da yamma ku gani. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana cewa "Tanimu, yi shiru," yanzu tabarma take shimfiɗawa kusa da shi, ta rasa abin tambaya. Sai ta ce, "Tanimu?" Ya ce, "Na'am." Ta ce, "Tanimu, ka ci abinci?" alhali ita ta zuba masa. Haka za ta yi ta kira har a yi sallar isha, don kawai ta ji muryar ɗanta.

Shi ne kuka zagaye kuna yi wa tafi. A cikinku duk ba wanda ya yi tunanin kiran sunansa.

Gobe da safe za ku je, dukanku, ku tsaya gabansa ku yi sallama, ku ce "Baba Tanimu," ku ba shi haƙuri, ku rufe bakinku har ya gama amsawa. Hanyar bututun nan kuma, kada in ji an ce an ga ɗayanku shi kaɗai a kanta rana na faɗuwa. In tsautsayi ya kai ku kusa da surin kuka ji kwaɗi sun yi shiru, ku yi sallama ku juya. Kande, ɗauki kwanonki. Ku tashi ku ba ni wuri.